Diori Hamani: malamin lakwal na Sudure da ya karɓi ƙasa daga hannun Faransa

 A filin tarihin magabata na wannan mako mun ɗauko mutumin da duk wanda ya sauka Yamai ta jirgin sama yake karanta sunansa a jikin ginin filin jirgi, wato Diori Hamani, shugaban farko na Jamhuriyar Nijar. Har gobe in aka ambace shi a majalisar dattawa, za ka ga baki ya rabu biyu. Wasu na tuna ranar da aka ɗaga tuta, wasu na tuna haraji da gidan kaso da shekarun yunwa. Za mu kawo muku duka biyun, don yaran yanzu su san yadda aka kafa ƙasar da suke riƙe da takardunta.

Daga bakin kogi zuwa lakwal

An haifi Diori ranar 6 ga watan Yuni na 1916 a Sudure, wani gari na Zabarmawa a bakin kogin Isa, ƴar tafiya kaɗan daga Yamai. Mahaifinsa ma'aikacin kiwon lafiya ne a ƙarƙashin mulkin Faransa. A lokacin Yamai ba wani babban birni ba ne, domin fadar mulkin Nasara tana Damagaram, sai a 1926 aka maido ta Yamai. Zamani ne da iyaye ke ɓoye ƴaƴansu in an zo ɗibar yara zuwa lakwal. Shi kuwa an saka shi, ya yi karatu a Yamai, ya wuce Porto-Novo a ƙasar Dahome, wadda ake kira Benin yanzu, daga nan ya tafi makarantar horar da malamai ta William Ponty a Senegal. Wannan makaranta ita ce ta yaye yawancin waɗanda suka zo suka shugabanci ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Faransa, irin su Houphouët-Boigny na Kodebuwa da Modibo Keita na Mali.

Ya dawo gida a 1936 ya kama aikin koyarwa, ya zama mushe kamar yadda muke faɗa. Ya koyar a Yamai da Maraɗi, daga baya ya riƙe makaranta a Filinge. A 1938 an kai shi Paris, inda ya koya wa Turawan da ake shirin turowa mulki Hausa da Zabarmanci. Wannan zama ya ba shi abin da ƴan Nijar kaɗan ke da shi a lokacin: ya san Bafaranshe a gidansa, ya san yadda yake tunani, kuma su ma sun san shi. A 1945 ya auri Aisa, Bafillatana daga yankin Dogon Dutsi, wadda jama'a suka sani da Aisa Diori.

Shigarsa siyasa

Bayan yaƙin duniya na biyu, Faransa ta ɗan sassauta igiya. A 1946 aka soke aikin tilas, wanda ya ci rayukan kakanninmu wajen gina hanyoyi da ɗaukar kaya, aka kuma ba ƙasashen da ake mulka damar tura wakilai majalisar dokokin Faransa. A watan Mayu na wannan shekara wasu ma'aikata da malamai suka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, Diori na cikinsu. Jam'iyyar ta haɗe da babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako a watan Oktoba, shi ya sa har yau dattawa RDA kawai suke ce mata. A watan Nuwamba aka zaɓi Diori dapite, ya tafi Paris yana ɗan shekara 30.

RDA ta fara ne da ƙawance da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, abin da ya sa gwamnonin mulkin mallaka suka sa mata ido, suna korar ƴaƴanta daga aiki, suna tura su garuruwa masu nisa. A 1950 Houphouët-Boigny ya yanke shawarar raba gari da kwaminis a sasanta da hukuma. Diori ya bi shi. A nan ne ya rabu da ɗan uwansa Djibo Bakary, wanda shi ma ɗan Sudure ne kuma malamin makaranta. Djibo ya ga sasantawar a matsayin ja da baya, ya koma wajen ƴan ƙwadago, ya kafa tasa jam'iyyar a 1954, wadda ta zo ta zama Sawaba. Rabuwar waɗannan mutum biyu ƴan gari ɗaya ita ce ta raba siyasar Nijar har tsawon shekara ashirin.

Diori ya faɗi zaɓen 1951, ya koma aji yana shugabancin makaranta a Yamai. Ya sake cin kujerarsa a farkon 1956, kuma a 1957 ya zama ɗaya daga mataimakan shugaban majalisar dokokin Faransa. Amma a gida tauraron Djibo ne ke haskawa. Shi ne magajin garin Yamai na farko a 1956, kuma a 1957 shi ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Ƙarfin Sawaba yana wajen talakawan birni, direbobi, ƴan kamasho, ƙananan ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu, musamman a ƙasar Hausa, Damagaram da Tasawa da Maraɗi.

Ƙuri'ar 1958

A 1958 Janar de Gaulle ya karɓi mulkin Faransa, ya ajiye wa ƙasashen Afirka zaɓi biyu a ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga Satumba. Wanda ya ce i, zai samu mulkin cikin gida amma ya zauna ƙarƙashin inuwar Faransa. Wanda ya ce a'a, zai samu ƴanci nan take, Faransa kuma ta kwashe kayanta da kuɗinta. Djibo ya ce a'a, kamar Seku Ture na Gini. Diori ya ce i, hujjarsa ita ce ƙasar da ba ta da teku, ba ta da ma'aikata, ba ta da asusu, ba za ta iya tsayawa da ƙafarta rana ɗaya ba.

Faransa ba ta tsaya kallo ba. Tana yaƙi a Aljeriya, ga kuma ƙarfen yuraniyom da aka gano a Azelik a 1957, saboda haka ba ta shirya sakin Nijar ba. Aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka zagaya fadojin sarakuna, aka baza soji a wasu yankuna. Sarakuna da yawa da ke tare da Sawaba suka juya mata baya. Sakamakon da aka bayyana ya ba masu i kusan kashi 78 cikin ɗari, sai dai waɗanda suka fita jefa ƙuri'a ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. Djibo ya sauka a watan Oktoba. Aka yi sabon zaɓe a Disamba, kuma ranar 18 ga Disamba 1958 aka shelanta Jamhuriyar Nijar, Diori na shugaban gwamnati. Wannan rana ce ake wa biki kowace shekara. Magoya bayan Sawaba ba su taɓa amincewa an yi musu adalci ba, kuma masu binciken tarihi da dama sun tabbatar da cewa hukumar mulkin mallaka ta sa hannu ƙwarai a wannan zaɓe.

A watan Oktoba 1959 aka haramta Sawaba, Djibo ya yi gudun hijira zuwa Bamako. Tun kafin a samu ƴanci ke nan, Nijar ta zama ƙasa mai jam'iyya ɗaya.

Ƙasar da ya karɓa

A daren 3 ga Agusta 1960 Diori ya shelanta ƴancin kai, kuma a watan Nuwamba majalisa ta zaɓe shi shugaban ƙasa. To me ya karɓa? Ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, mafi yawanta hamada, da mutane wajen miliyan uku. Babu layin dogo, kwalta ba ta taka kara ta karya ba, babu jami'a, babu gada a kan kogi a Yamai. A cikin yara ɗari ba a samun biyar da ke zuwa lakwal. Ofisoshi cike suke da Faransawa da ƴan Dahome da Togo. Abin da ƙasa ke sayarwa waje gujiya ce da dabbobi.

Mutum uku suka riƙe ragamar mulki: Diori a fadar shugaban ƙasa, Boubou Hama a majalisar dokoki da jam'iyya, Diamballa Yansambou Maiga a ma'aikatar cikin gida. Dukkansu daga yammacin ƙasa suke, abin da mutanen gabas suka daɗe suna gunaguni a kai, ko da yake Diori ya saka sarakuna da ƴaƴan sarakunan Hausa da Abzinawa da Fulani a gwamnati don ya ɗinke ƙasar.

Ba za a ce bai gina komi ba. A farkon shekarun 1960 aka kafa bankin raya ƙasa na BDRN, da kamfanin SONARA mai sayen gujiya, da COPRO mai shigo da kayan masarufi, da UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma. An kafa masana'antar siminti a Malbaza. An ƙirƙiro ƙungiyoyin sauraron rediyo a 1962, inda mutanen ƙauye ke taruwa gindin akwati ɗaya su saurari shiri cikin harshensu, su tattauna, a naɗi muryarsu a mayar Yamai. Gidajen rediyon karkara na yau jikokin wannan dabara ne. A 1964 aka fara koyar da yara ta talabijin a wasu azuzuwa. A ƙarshen 1970 aka buɗe gadar Kennedy da taimakon Amurka, aka huta da jiran jirgin fito. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi wadda ta zama jami'ar Yamai a 1973. Kanada kuma ta taimaka da hanyar haɗin kai da ta nufi Gigimi a gabas.

Soji da bindiga

Ƙasa ba ta tsayuwa ba tare da soji ba. A watan Afrilu 1961 Diori ya sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Faransa, kuma ranar 1 ga Agusta 1961 aka kafa rundunar sojin Nijar, wato FAN, da ƴan ƙasar da suka yi aiki a rundunar Faransa, wasunsu sun yi yaƙin Indocin da na Aljeriya. Runduna ce ƙarama, kuma hafsoshin Faransa ne ke ba da shawara a kusan komi. Ba a daɗe ba aka ga alamar matsala. A watan Disamba 1963 wani kyaftin mai suna Hassan Diallo ya yi bore da sojojinsa a Yamai, da ƙyar aka kashe wutar. A daidai wannan lokaci rikicin tsibirin Lete ya taso tsakanin Nijar da Dahome, gwamnati ta kori dubban ƴan Dahome da ke aiki a ƙasar. Wannan gardama ba ta ƙare ba sai a 2005, da kotun duniya ta ba Nijar tsibirin.

Babbar jarrabawa ta zo a ƙarshen daminar 1964. Sawaba, wadda aka toshe wa hanyar siyasa, ta tura matasanta koyon yaƙi a Aljeriya da Gana da Sin da Biyetnam ta Arewa. Suka shigo ƙungiya ƙungiya ta iyakokin kudu da yamma, da zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Hakan bai faru ba. Gwamnati ta riga ta samu labari, aka sa sarakuna da mutanen ƙauyuka farautarsu. Aka kama da yawa, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai a watan Oktoba. Ranar 13 ga Afrilu 1965, ana sallar layya a Yamai, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti inda shugaban ƙasa ke salla. Diori ya tsira, amma wani yaro ƙarami ya rasu, wasu suka ji rauni.

Abin da ya biyo baya shi ne tabon da ya fi muni a mulkinsa. An kama mutane da yawa bisa zargi kawai, an azabtar da wasu, wasu sun mutu a tsare a gidajen kaso na nesa. Akwai gidaje a Damagaram da Tasawa da Maraɗi da Tera da har yau ba su manta ba. Jam'iyya ta kafa ƴan banga masu makami, abin da ya ƙona ran hafsoshin soji, suna ganin an mai da su saniyar ware. A zaɓen 1965 da na 1970 Diori ne kaɗai ɗan takara.

Sunansa a duniya

A waje kuwa, ana ganin girmansa ƙwarai. Mutum ne mai sanyin magana da iya sulhu. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Antant a 1959 tare da Kodebuwa da Dahome da Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau. Shi da Senghor na Senegal da Bourguiba na Tunisiya suka dage har aka kafa hukumar haɗin kan ƙasashe masu magana da Faransanci, a nan Yamai, ranar 20 ga Maris 1970.

Inda ya nuna ba kullum yake bin Paris ba shi ne yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970. De Gaulle da Houphouët-Boigny sun karkata ga Biyafara. Diori ya tsaya tare da gwamnatin Janar Yakubu Gowon, domin ya san Katsina da Maraɗi, Kano da Damagaram, Sakkwato da Ƙonni uwa ɗaya uba ɗaya ne, kuma abincin kasuwannin Nijar da Najeriya yake ɗaure. A watan Yuli 1968 Yamai ta karɓi zaman sulhu na ƙungiyar haɗin kan Afirka, har Ojukwu da kansa ya zo. Ya kuma matsa kusa da ƙasashen Larabawa. Nijar ta halarci taron ƙasashen Musulmi na Rabat a 1969, ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila a watan Janairu 1973, kuma a taron Lahor na 1974 aka amince da kafa jami'ar Musulunci a Nijar, wadda aka gina a Sayi daga baya.

Fari, yuraniyom da faɗuwa

Tun daga 1968 ruwan sama ya fara ƙaranci, abin ya kai maƙura a 1973. Gero bai yi ba, gujiya ta mutu, rijiyoyi suka ƙafe. Makiyaya Fulani da Abzinawa suka ga garkensu na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Dubban mutane suka kwararo sansanin Lazare a gefen Yamai, wasu suka tsallaka Najeriya cin rani ba su dawo ba. Duk da haka an daɗe ana bin talaka haraji, wanda dattawa ke kira lanho, da jangalin dabbobin da suka riga suka mutu. Taimakon abinci ya shigo daga waje, amma labari ya bazu cewa wasu manya na karkatar da shi suna sayarwa, suna gina gidajen haya a unguwar Plato. Ɗalibai da malamai suka shiga yajin aiki. Mutane da yawa na cewa shi Diori ba mai tara dukiya ba ne, sai dai ya kasa tsawata wa na kusa da shi, kuma tafiye-tafiyen waje sun ɗauke masa hankali daga halin da ƙauye ke ciki.

A ɗaya gefen, kamfanin SOMAIR da aka kafa a 1968 ya fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, amma abin da ke shiga asusun ƙasa kaɗan ne. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 1973, Diori ya ce tunda Faransa za ta dogara da wutar nukiliya, dole a sake lissafin kuɗin ƙarfen Nijar. A watan Maris 1974 wakilan Faransa ƙarƙashin Yves Guéna suka zo Yamai, aka tashi ba a daidaita ba. A wannan watan ne kuma ya ƙulla yarjejeniyar tsaro da Libiya ta Gaddafi, abin da bai yi wa hafsoshinsa daɗi ba. Ranar 2 ga Afrilu shugaba Pompidou na Faransa ya rasu, maganar ta tsaya.

A daren 14 wayewar 15 ga Afrilu 1974, sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kountché, wanda Diori ya naɗa babban hafsa a 1973, suka afka wa fadar shugaban ƙasa. An yi musayar wuta da masu gadi, mutane da dama suka mutu, cikinsu har da uwargidansa Aisa. Sojojin Faransa da ke Yamai ba su motsa ba, duk da yarjejeniyar 1961. Har yau ana gardama a kan wannan shiru nasu. Wasu na cewa maganar yuraniyom ce ta ci shi, wasu na cewa yunwa da fushin soji sun isa su kayar da shi ko babu hannun kowa. Abin da ba a gardama a kai shi ne talakawa da yawa sun yi murna a ranar, musamman da sabuwar gwamnati ta buɗe rumbuna ta fara rabon hatsi.

Shekarun ƙarshe

An tsare Diori a Damagaram wajen shekara shida ba tare da an gurfanar da shi gaban kotu ba, idanunsa suka raunana. A 1980 aka maido shi Yamai aka yi masa ɗaurin talala. An sake shi a 1984, aka kuma sake tsare shi a 1985 bayan harin da aka kai Cintabaradan. Sai bayan rasuwar Kountché a 1987 ne Janar Ali Saibou ya ba shi cikakken ƴanci. Ya tafi Maroko, ya rasu a Rabat ranar 23 ga Afrilu 1989 yana da shekara 72. An kawo gawarsa gida aka binne shi a Sudure. Djibo Bakary, wanda ya dawo bayan juyin mulki, shi ma ya sha ɗauri a hannun soji daga 1975 zuwa 1984, ya rasu a Yamai a 1998.

To jama'a, wannan shi ne Diori Hamani. Ya karɓi ƙasar da mutane da yawa ke ganin ba za ta ɗore ba, ya riƙe ta shekara goma sha biyar ba ta tsage ba, ya kafa mata ofisoshi da runduna da suna a duniya. Shi ne kuma ya rufe bakin ƴan adawa tun ranar farko, har ya zama ba wanda zai faɗa masa gaskiyar abin da ke faruwa a karkara lokacin da rumbu ya ƙare. Tambayoyin da ya bari, wa ke cin amfanin yuraniyom, ina matsayin soji a mulki, yaya za a zauna da Faransa, su ne dai muke ta fama da su har yanzu.

In akwai dattijo a gidanku da ya ga zamanin RDA da Sawaba, ku zauna da shi ku ji daga bakinsa tun yana raye, ku kuma aiko mana da abin da ya faɗa muku, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar lafiya.